Sienna 2002 tana tafasa, ta ƙi shiga giyar ƙarshe: sai an sauya inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Sienna ƙirar 2002, 'yar Kwatano, shekara uku ke nan ina lodi da ita tsakanin Kano da Abuja. Da bazarar da ta wuce ta fara tafasa duk lokacin da na shiga cunkoso, sai makanikena ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye. Tafasar ta yi sauƙi, amma yanzu tana shan mai fiye da da, fitilar cek injin ba ta mutuwa, kuma a kan hanya ba ta shiga giyar ƙarshe, sai ihu take yi. Kwanan nan kuma in ta ɗau zafi na tsaya, fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa. An ce injin ya gaji, in fara neman kuɗin na Beljiyam. Don Allah mece ce shawara? Daga wani direba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye hanya. Tun kafin mu je ko'ina, ka ajiye motar nan, kada ka sake yin lodi da ita sai an duba maganar fitilar baƙin mai. Sauran abubuwan da ka lissafa aljihunka suke ci a hankali, ita kuwa wannan tana iya kashe injin a tafiya ɗaya, ka tsinci kanka da fasinja a bakin titi tsakanin Kaduna da Jere.

Injin da ke cikin motarka sunansa 1MZ-FE, silinda shida ne, lita 3.0. Inji ne mai ƙarko, amma yana da ciwo guda da aka san shi da shi tun a Amurka inda aka ƙera motar: idan baƙin mai ya daɗe bai samu juye ba, yakan dafe ya zama dagwalo a ciki. Ƙorafi ya yi yawa har a 2002 kamfanin Toyota ya amince zai ɗauki nauyin gyaran irin wannan lalacewa na tsawon shekara takwas, a motoci sama da miliyan uku, ciki har da Sienna ta 1998 zuwa 2002. Taka tana cikin wannan jeri, sai dai wa'adin ya daɗe da wucewa. Kuma ba mu san irin riƙon da aka yi mata can kafin ta hau jirgin ruwa ba.

A ƙasan injin, cikin kaskon da baƙin mai yake taruwa, akwai wata 'yar rariya a bakin bututun da famfo yake zuƙo mai. Dagwalon nan in ya fara ɓantarewa, a kan rariyar yake taruwa. Da safe mai yana da kauri, famfo yana iya riƙe ƙarfinsa. Da ya yi zafi ya tsinke, ga inji yana silo, sai ƙarfin ya faɗi, fitila ta fara ƙyaftawa. An taɓa kawo mini irin motarka da wannan kukan, mai ita har ya yi cinikin wani inji. Muka kwance kaskon ƙasa, sai ga rariyar ta toshe da wasu baƙaƙen ɓarɓashi kamar ƙanzon tukunya, ramin da ya rage bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Muka wanke da fetur, muka mayar, fitila ta mutu. Ba na ce taka ma haka take ba. Yana iya yiwuwa mital, wato 'yan ƙarafan da sandar inji take juyawa a kansu, su ne suka cinye, yana kuma iya yiwuwa ɗan suwic ɗin fitilar ne ya lalace, abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da zai raba gardama shi ne agogon awon ƙarfin mai. A cire suwic ɗin a ɗaura agogo, a bar inji ya yi zafi sosai. In inji yana juyi 3,000 a minti, ya kamata allura ta kai wajen 43 psi zuwa sama (psi shi ne ma'aunin matsi da ke jikin agogon). Idan an wanke rariya an zuba sabon mai amma allura ta ƙi tashi, kuma ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, to a nan maganar mital ko sauya inji ta taso.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Kada ka yarda da leƙawa ta murfin zuba mai, domin a wannan injin akwai wani faranti a ƙarƙashinsa da yake tare ido. A kwance murfin saman inji na gaba gaba ɗaya a gani, aikin minti talatin ne. Sannan kada wani ya zuba maka maganin wanke inji ko gas ya ce a bar shi ya yi silo. In dagwalon yana da yawa, sakinsa zai yi gaba ɗaya ya gangara kan rariyar, a gudu ba a tsira ba.

Yanzu mu koma kan tamostat, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai a wasiƙarka. Wannan al'ada ta cire ta da cewa wai don ƙasar sanyi aka yi ta, ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma kuskure ce. Aikinta shi ne ta tare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, ta buɗe a wajen digiri 82, daga nan ta riƙe shi a daidai. Kwamfutar motar tana kallon zafin ruwan nan ne tana yanke yawan fetur ɗin da za ta fesa. Muddin ta ga inji da sanyi, ƙara mai za ta yi ta yi, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci. To ka cire tamostat, ga fanka biyu suna kaɗawa ba hutu, ga iskar hanya da asubar hunturu. Ta ina zai yi zafi? Ga shan manka nan. Wani abin da direbobi ba su cika sani ba kuma, kwamfutar Toyota ba ta barin giya ta haura ta ƙarshe in ruwa bai kai wajen digiri 60 ba. Ƙari a kan haka, injin da ba ya ɗaukar cikakken zafi ba ya ƙone gumi da ragowar fetur da suke sauka cikin baƙin mai, su ne kuwa abincin dagwalo. Wato maganin da aka yi wa tafasa shi ne yake ciyar da ciwon da ya fi ta haɗari.

An kashe maciji ba a sare kansa ba. Abin da ya sa ta tafasa tun farko yana nan. Tunda a cunkoso take yi, a kan gudu ba ta yi, na fi zargin fanka: ko rile mai sakar mata wuta, ko suwic ɗin da yake tayar da ita, ko motar fankar ta yi rauni. Da a kan gudu take tafasa, da lagireto da famfon ruwa zan fara tuhuma. Duk da haka a wanke lagireto, domin ruwan rijiya da na leda da muke ɗurawa suna barin farin gishiri a cikin ƙananan bututunsa, ga tsatsa. A sa sabuwar tamostat ta asali, a mayar da fanka kan wayarta, a sauya murfin lagireto da mai lamba iri ɗaya da na ainihi, a zuba kulant, wato ruwan lagireto na musamman. Murfin nan kada ka raina shi, shi yake riƙe matsin da yake hana ruwa tafasa a digiri 100.

Idan an yi wannan giyar ƙarshe ba ta dawo ba, kada a taɓa giyabos tukuna. A sa mata kwamfuta a karanta abin da ya kunna fitilar cek injin. In ka ga lambar P0325 ko P0330, to nok senso ne, wato na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji. Su biyu ne, suna kwance a kwarin da ke tsakanin layin silinda biyu, ƙarƙashin manifol mai kai iska cikin silinda, inda zafi yake gasa wayarsu har ta bushe ta kakkarye. Da kwamfuta ta daina jin su, sai ta ja da baya don kare inji: ƙarfi ya ragu, mai ya ƙaru, ta kuma kulle giya ta huɗu, wato ta ƙarshe. Na ga masu Sienna da Lexus RX300 da suka sayi giyabos a banza saboda wannan 'yar waya. In za a buɗe wurin, a sauya senso biyun da wayarsu da kuma tiyon ruwan da ya ratsa ta nan a lokaci guda, don aikin kwancewar ya fi kayan wahala. Ka nemi na asali ko na Beljiyam mai kyau a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Sabo mai arha a kwali, sau da yawa mako biyu ne fitila ta dawo. In kuwa P0171 ta fito, a fara da wanke senson iska da ke bayan filtar iska, ƙurar hunturu tana rufe shi.

Tunda motar ta tafasa ba sau ɗaya ba, a tabbatar gasket ɗin kan inji, mai hana ruwa shiga silinda, bai ƙone ba. Da safe, inji da sanyi, a buɗe lagireto a tayar: in kumfa tana tasowa ba tsayawa, ko ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko salansa tana farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, akwai magana. A auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda, na duka shida. Kowace kada ta gaza 145 psi, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce 15. Uku na baya suna da wahalar kaiwa, shi ya sa za ka tarar an sauya fulogi uku na gaba, na baya kuwa tun na Amurka ne. Ka tsaya a kansu da kanka.

Sai juye. Yawancin direbobi da wata suke lissafi, alhali inji tafiya ya sani. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400. In kana zuwa ka dawo sau uku a mako, kafin wata ya ƙare ka kusa cinye kilomita 10,000 a kan mai ɗaya. A irin wannan injin ni ba na wuce kilomita 5,000, da sabuwar filta kowane karo. Littafin motar 5W-30 ya ce, kuma tana ɗaukar kusan lita 4.7, don haka galan ɗaya mai lita huɗu ba ya cika ta. Ka tuna agogonta mil yake ƙirgawa, mil 3,000 shi ne kusan kilomita 4,800. Taimin bel kuma, wato bel ɗin da ke daidaita motsin sama da ƙasan inji, a mil 90,000 ake sauya shi. In ba ka san ranar da aka sa wanda ke ciki ba, a sauya shi tare da famfon ruwa, tunda bel ɗin ne yake juya famfon kuma hanyarsu ɗaya.

Ka fara da agogon awon mai da rariya, sannan tamostat da fanka, sannan kwamfuta. In ka samu lambobin da ta nuna da sakamakon awon kwamfireshan, ka aiko mini mu duba tare kafin ka ba kowa kuɗin inji.