Da wane almakashi ake yanke DNA?

Tambaya: Salam Dakta, na ji ana cewa yanzu masana suna yanke DNA su gyara, har an samo maganin sikila ta haka. To abinda ido baya gani da me ake yankashi? Don Allah a min bayani, ƙanwata sikila ce.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Almakashin furotin ne da ake kira enzayim, kuma wajen bakteriya aka aro shi, don ita ma bairos na kai mata hari sai ta datse DNA ɗinsa da shi. DNA kamar dogon rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, A, T, G, C, to akwai enzayim mai suna EcoRI duk inda ya tarar da GAATTC nan zai datse, sai wani mai suna ligase ya zo ya liƙe gutsuren da ake so. Irin wannan yanka da liƙi ne yasa bakteriya ke haɗa insulin na mutum, masu ciwon suga suna amfani da shi tun 1982.

A lab ba abinda zaki gani sai ɗigon ruwa a ɗan bututun roba, sai an zuba shi a jel an kunna wuta, ƙananan gutsattsarin su rigayi manya gudu, a haska fitila ta musamman kiga sun jeru layi-layi, sannan a san an yanka daidai.

Almakashin da kika ji labarinsa CRISPR-Cas9 ne, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana shi a 2012, suka samu kyautar Nobel a 2020. Shi wannan ana haɗa shi da ɗan jagora na RNA (ɗan'uwan DNA ne) mai haruffa kamar 20 ya kai shi daidai inda ake so, wannan ne ya sauƙaƙa aikin sosai wallahi.

Maganin sikilar sunansa Casgevy, Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Ana ciro ƙwayoyin da ke samar da jini, a yi amfani da CRISPR a taɓa wani wuri a sashen DNA mai suna BCL11A don jiki ya koma yin irin hemogilobin (furotin mai ɗaukar iskar oksijin a jini) na jarirai wanda baya lanƙwasa ƙwayar jini, a yi wa mara lafiya kemo mai ƙarfi (irin maganin da ake yi wa masu kansa) sannan a mayar masa da ƙwayoyin. Aikin watanni ne, kemon kuma zai iya taɓa haihuwa. Gyaran a ƙwayoyin jini ya tsaya, shiyasa wanda aka yi wa zai iya gadar wa 'ya'yansa S ɗin sikila.