MGB da ta shekara goma sha ɗaya a ajiye: ta ina zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum. Na sayi MGB, wata tsohuwar motar Ingila, ƙirar 1974 da ta shekara 11 a gareji ba a tuƙa ta ba. Inji ya tashi, zanen tayoyi kamar sababbi. Kuɗina ba su taka kara sun karya ba, burina dai in sa mata kafireton Weber da salansa mai ƙara. Amma jiya a wata doguwar gangara ina ta taka birki, sai ƙafata ta nutse kusan ƙasa. Bakanike ya ce iska ce kawai, motar da ba ta yi aiki ba babu abin da ya ci a jikinta. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rataye makullin nan tukuna, kada motar ta sake hawa titi.

Maganar da bakanikenka ya faɗa ita ce nake ji kusan kullum, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai: wai mota in tana ajiye ba ta tsufa. Ƙarfe ne ke cinyewa da tafiya. Roba da mai kuwa shekaru ne ke cin su, ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba.

Abin da ya same ka a gangara ya fi kama da tafasar man birki. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 suna shan danshin iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Selsiyos, amma in ya sha ruwa mizanin yakan sauko zuwa 155. DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. Birki ya ɗauki zafi, ruwan ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, shi ya sa ƙafa ta nutse. Da ya huce sai ya dawo daidai, sai a ce maka "ai ka ga lafiya lau". Man da ake so a canja duk shekara biyu, naka ya yi sha ɗaya! Ruwan nan kuma ya daɗe yana cin silindar birki da tsatsa daga ciki. Fitar da iska ba zai warkar da wannan ba. A zubar da man gaba ɗaya, a canja robobin silinda, a canja tiyon roba guda uku, biyu a gaba ɗaya a baya, don sukan kumbura daga ciki alhali wajensu sumul. Kada ka bari wani ya zuba maka DOT 5 a kan tsohon mai. Na silikon ne, ba sa haɗuwa. Ka kuma duba ko layin birkinka ɗaya ne ko biyu. Motocin MGB da aka kai Amurka daga 1968 biyu ne, na Ingila da yawa sun ci gaba da ɗaya shekaru bayan haka. A mai layi ɗaya, tiyo guda ya fashe, birkin ƙafafu huɗu ya tashi aiki lokaci guda.

Haka zancen taya. Zane ba ya nuna shekaru. Duba gefenta, ƙarshen lambar da ta fara da haruffan DOT: alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2312 na nufin mako na 23 a 2012. In uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ko kyauta ce ka ƙi. Michelin da kanta ta ce taya in ta kai shekara 10 a cire ta komai kyan fuskarta. Tsohuwar roba ta bushe, ba ta riƙe titi mai ruwa. Masu cewa a shafa mata mai ta yi baƙi, ido kawai suke yi wa aiki.

Tiyon fetur ma roba ne, kuma fetur mai haɗin itanol yana cin tsofaffin. A MGB kafireto na zaune a saman bututun hayaƙi mai zafi. Ɗigo kaɗan ya isa gobara.

Weber kuwa, haƙura da shi. Kafireto biyu ƙirar SU da ke kan injin 1798cc sun wadatar in an wanke su, an sa sababbin allurai da robobi, an daidaita su. Abin da ya rage ka sa na'urar tartsatsi ta lantarki a madadin kwantak, ka zuba baƙin mai 20W-50 mai sinadarin zink. Kafin fenti kuma ka kara maganaɗisu a dogaran ƙarƙashin ƙofofi, domin motar ba ta da shasi daban, su ne ƙashin bayanta. Inda ya ƙi kamawa, an cusa hoda ne a kan tsatsa, mai walda za ka nema. Salansa ta jira baɗi.