Tambayi Likita: Ƙurajen leɓe da ke dawowa duk bayan zazzaɓi

Tambaya: Salam Likita, dan Allah duk sanda maleriya ta kwantar da ni sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso min a gefen leɓe, kullum waje ɗaya, mutane suna cewa wai zazzaɓin ne ke fita. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A'a ba zazzaɓi ne ke fita ba, abin da kika kwatanta ya fi kama da bairos ɗin herpes simplex nau'i na 1, kuma ba ke kaɗai ba ce, hukumar lafiya ta duniya WHO ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da shi, yawanci tun suna yara ta hanyar yawu ko sumba.

Shi wannan bairos ba ya iya hayayyafa da kansa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar fata. A jikinsa akwai wasu furotin, ɗaya mai suna gD shi ke kama wani furotin na fatarki da ake kira nectin-1 kamar makulli ya shiga kwaɗo, daga nan wani furotin ɗin nasa mai suna gB ya haɗe rigar bairos ɗin da bangon ƙwayar, shi ke nan ya faɗa ciki. Sai ya gangara har cibiyar ƙwayar ya zuba DNA ɗinsa, wato kundin bayanan halittarsa, ya tsayar mata da nata aikin, ta koma buga masa kwafi, kafin kwana ɗaya ta cika da sabbi ta mutu, su kuma su afka wa na kusa. Ruwan da ke cikin ƙurjin nan cike yake da su.

To amma me ya sa waje ɗaya? Saboda wasunsu suna bin jijiya su je su laɓe a wani ƙullin jijiyoyi mai suna trigeminal can cikin kai wajen kunne, su yi lamo har ƙarshen rayuwa, da zazzaɓi ko gajiya ko zafin rana ko al'ada ta taɓa jiki sai su farka su biyo jijiyar nan dai su dawo leɓe.

Dan Allah a daina fasa kafso ana barbaɗawa, maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Wani magani mai suna Acyclovir ne ke hana shi kwafin DNA, kuma ya fi aiki in an fara tun ana jin ƙaiƙayi, amma ba ya kai wa na laɓe. In ƙurajen sun fito kar ki sumbaci jariri, ga jarirai yana iya kisa, in kuma ya kusanci ido ki garzaya asibiti ranar.