Amsa Ga Hajiyar Da Za A Kai Ɗanta Kotu Ranar Litinin

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo sauƙi, ya fitar da yaron nan lafiya.

Na karanta tambayarki. An kama ɗanki da wayar da ya saya a hannun wani a Adum, cikin Kumasi, ashe ta sata ce, ranar Litinin za a kai shi kotu, kuma wani ya ba shi shawara ya ce "gilti wit esplaneshan", wato na aikata amma ina da bayani, don a sallame shi da wuri. Don Allah kada ya furta wannan kalma sai ya zauna da lauya. Ni ba lauya ba ne, amma na yi shekaru ina raka yaran Aboabo da Asawase kotu, na tsaya wa wasunsu beli, kuma na ga abin da kalma ɗaya ke jawowa.

Idan aka kira shari'a, za a karanta masa tuhumar, a fassara masa da yaren da yake ji, sannan a tambaye shi me ya ce. Idan ya ce "gilti", wato na aikata, magana ta ƙare. Ba za a kira shaida ko ɗaya ba. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai karanta yadda abin ya faru, alƙali ya kama shi da bakinsa, sai hukunci, sau da yawa a ranar nan take. Idan ya ce "not gilti", wato ban aikata ba, nauyi ya koma kan masu ƙara, su za su kawo shaidu su tabbatar. Mutanenmu na tsoron wannan amsa, suna ganin kamar ƙarya ce ko raina alƙali. Ba haka ba ne. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 19, ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar ko shi da kansa ya amsa. Lura da ƙarshen zancen, Hajiya: ko shi da kansa ya amsa.

To, ta ukun ita ce wadda ke cin yaranmu. "Na aikata amma ina da bayani" ba tsaka-tsaki ba ce kamar yadda ake ɗauka a unguwa. Amsa laifi ce, bayanin ne zai nuna inda za ta faɗa. Idan ya ce, "Na san ta sata ce, amma talauci ne ya sa, a yi mini afuwa," ya amsa laifi sarai, sassauci kawai yake roƙo. Idan kuwa ya ce, "Na saya da kuɗina, ban san ta sata ba ce," wannan musu ne, kuma dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1960, wadda ake kira Akt 30, ta ɗora wa alƙali ya rubuta masa "not gilti". Tunda can za a koma, me zai sa ya bi ta doguwar hanya mai rami? Yaron da ya kwana a sel, jikinsa na rawa, ba kullum yake iya tsara bayani yadda ya kamata ba.

Na gani da idona. Wani yaro makaniki daga Suame Magazin, an kama shi da batirin mota. Mahaifiyarsa na zaune kusa da ni, ta riƙe koko da ƙosai a leda tana jira a sake shi ya karya. Aka tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce gilti. A ransa abin da yake nufi shi ne, e, a hannuna aka samu. Alƙali ya tambaye shi ko yana da abin cewa, ya ce a yi haƙuri kawai. Minti goma ba a yi ba aka gama. Ledar nan a kan benci ta bar ta, ni na ɗauko na bi ta da ita waje. Har yau abin na ci mini rai, don da na same shi tun da safe da na faɗa masa.

Tuhumar ɗanki, in dai karɓar kayan sata ce, tana rataye ne a kan sani. Sai dai kada ku saki jiki, doka na son wanda aka samu da kayan ya yi gamsasshen bayanin yadda suka zo hannunsa. Nawa ya saya? In wayar sidi dubu uku ce ya saya ɗari biyar, za a tambaye shi dalili.

Akwai wasu amsoshin da ba a cika ji ba. Wanda aka riga aka yi wa shari'a a kan laifi, aka wanke shi ko aka hukunta shi, zai iya cewa an gama da wannan, ba a maimaitawa. Wanda ya yi gum ya ƙi magana, "not gilti" ake rubuta masa. Wanda hankalinsa bai kai ya fahimci shari'a ba, sai likita ya duba shi tukuna.

In kuma yaron ya san gaskiyar abin, ya faɗa miki tsakaninsa da Allah cewa ya sani, to akwai hanya mai mutunci. Tun 2022, da dokar Akt 1079, ana iya daidaitawa da masu gabatar da ƙara: ya amsa laifi, a rage tuhuma ko hukunci, a mayar wa mai kaya haƙƙinsa, kotu ta duba ta amince. Ba ta shafi kisa, fyaɗe, fashi ko satar mutane ba. A rubuce ake yin ta. Alkawarin baka da wani ya yi muku a farfajiyar kotu ba shi ba ne.

Na san abin da ke tsorata ki shi ne a tura shi gidan yari jiran shari'a. Tsoron nan ne ke sa da yawa su amsa abin da ba su yi ba. Amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, babu laifin da aka haramta wa kotu ba da beli a kansa. Alƙali ne ke dubawa. Ko da tara kawai aka ci shi, sunansa ya shiga littafi, kuma zai tarar da shi ranar da ya je neman takardar shaidar 'yan sanda don aiki ko biza.

Kafin Litinin, ki je ofishin Ligal Eid na Kumasi, masu taimaka wa marasa hali da lauya, in babu halin ɗaukar lauya. Ku nemo saƙon MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, in ta nan ya biya, da wanda ke wurin lokacin ciniki. Ki tanadi mutum biyu masu katin Gana da adireshi tsayayye don beli. Kuma ya nemi tafintan Hausa in ba ya fahimtar yaren da ake shari'ar da shi, haƙƙinsa ne, ba a biyan ko kobo.