Baba ba ya karanta Faransanci: tsakanin WhatsApp, Facebook da TikTok, wanne zai iya riƙewa da kansa?

Tambaya daga wani mai karatu a Tahoua: "Mahaifina yana fataucin albasa. Yana saye a Galmi da Madawa, yana aika wa abokan cinikinsa a Yamai da Gana. Ya yi karatun allo, yana karanta ajami, amma boko da Faransanci ba ya karantawa. Na saya masa salula mai ma'ajiya giga 32. Ƙannena sun nace a sa masa Facebook da TikTok. Wanne ya fi sauƙi, kuma yaya zan shirya masa wayar don kada mega ta riƙa ƙarewa?"

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri bisa wannan kulawa. Shawararmu a gaba ita ce ka sa masa WhatsApp kaɗai, ka zauna da shi yini guda ka shirya shi da kyau. Sauran biyun a dakata tukuna.

Sauƙin manhaja a wurin Baba ana auna shi da abu ɗaya: zai iya samun mutumin da yake nema, ya faɗa masa farashin buhu, ya ji amsa, ba tare da ya kira yaro ya karanta masa ba? TikTok ya fi kowanne sauƙin shiga, yatsa kawai ake ja sama, bidiyo ya zo. Amma manhajar ce ke zaɓen abin da mutum zai gani, kuma neman wani takamaiman dillali sai an rubuta sunansa da boko daidai harafi da harafi. Ga shi babu abin da ke shan mega kamarsa. Facebook kuwa yana neman kalmar sirri, allonsa cike yake da rubutu, wuraren dannawa suna sauya mazauni lokaci zuwa lokaci. Gaskiya ne tun 2016 ana iya juya shi zuwa Hausa, sai dai Hausar boko ce, ba za ta amfani Baba ba. Idan ranar tallan albasa a can ta zo, ku ƴaƴan ku buɗe shafin a wayarku, ku sa lambarsa. In wayar ƙarama ce, Facebook Lite, wanda aka fito da shi a 2015 don wuraren da rezo ke da rauni, shi ya fi dacewa.

WhatsApp lambar waya kawai yake buƙata, kuma kusan dukan aikin Baba murya da hoto ne. Minti ɗaya na saƙon murya bai kai rabin mega ba. Kiran murya na minti ɗaya bai cika wuce mega guda ba, kiran bidiyo kuwa yakan ninka haka sau da yawa.

Fara da sunaye, domin nan ne yawancin dattawa ke tuntuɓe. Ka ƙara haruffan Larabci a allon rubutun wayar, ka sa Baba ya faɗa maka yadda yake kiran kowane mutum, ka rubuta sunan da ajami yadda idonsa ya saba. Ka haɗa da ƴar alama a gaba: hoton albasa ga masu saye, mota ga direbobi, gida ga iyali. Lambobin ƙetare kuma a rubuta su da lambar ƙasa. Na Nijar +227 sai lamba takwas. Na Gana +233, na Najeriya +234, kuma a waɗannan biyun ana jefar da sifirin farko. Idan aka bar sifirin, mutumin ba zai fito a WhatsApp ba, sai a yi zaton bai da shi. Mutum uku da ya fi magana da su, ka danne sunan kowanne ka taɓa alamar ƙusa, za su tsaya a sama kullum. Uku ne iyaka. Sauran muhimman, ka buɗe hirar, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga "Plus", ka zaɓi "Ajouter un raccourci". Fuskar mutumin za ta fito a allon farko na wayar, taɓawa ɗaya ya isa gare shi.

Harshen wayar ka bar shi a Faransanci. Wasu suna juyawa zuwa Larabci da tunanin taimako, amma hakan yana juya allon gaba ɗaya, na dama ya koma hagu. Baba zai haddace wuraren dannawa ne da ido, kuma ranar da ya maƙale a tasha, yaron da zai duba masa tsarin Faransanci ya sani. Abin da za ka canza shi ne girman rubutu: "Paramètres", "Discussions", "Taille de police", ka zaɓi mafi girma.

Sai koyon aika murya, wanda ya cancanci ka ba shi lokaci sosai. Koren makirufon nan danne shi ake yi a riƙe, ba taɓawa a saki ba. Yatsan mai aikin buhu yana da kanta, kuma da zafin Tahoua gumi yana sa ya zame. In ya zame hagu, saƙon ya goge, Baba kuma yana can yana ta bayani. Maganin shi ne ka koya masa ya danne ya ja sama har kwaɗo ya kulle. Daga nan zai iya sakin hannu, ya yi magana a tsanake, ya tsayar ya saurari abin da ya faɗa, sannan ya taɓa kibiyar aikawa. Wajen sauraro kuma, idan ya kai wayar kunne, sautin yana barin lasifika ya koma ƙaramin bakin kunne. Wannan yana da amfani a kasuwa inda ba a son kowa ya ji farashi, amma idan tafin hannu ya rufe saman wayar, sai allon ya yi duhu, sautin ya ɓace, a ce waya ta lalace. Ba ta lalace ba, a janye hannu kawai.

Ka nuna masa alamomi huɗu da ke gefen saƙo, don a fatauci suna da nauyi. Agogo: saƙon bai bar wayarsa ba, babu rezo ko forfe ya ƙare. Alama ɗaya: ya tafi amma bai isa wayar mutumin ba. Biyu masu toka: ya isa. Shuɗi: an buɗe. Wanda ya aika farashi daga gona a bayan Galmi, agogo na tsaye a kai, bai faɗa wa kowa komai ba tukuna, kuma idan saƙon ya tafi da yamma, farashin safe ne zai isa Yamai.

Batun mega da cikar waya tushensu ɗaya ne: guruf-guruf. Bidiyon wa'azi, na biki, na siyasa, suna sauka da kansu ko ba a buɗe ba. Ka shiga "Paramètres", "Stockage et données", a wurin saukar da kaya da intanet ɗin layi ka cire alama daga hoto, sauti, bidiyo da takardu duka. Kada ka ji tsoro, saƙon murya yana sauka duk da haka. Hoton da yake son gani sai ya taɓa shi. A nan kuma ka kunna rage cin mega a lokacin kira. Sannan ka je "Confidentialité", "Groupes", ka zaɓi "Mes contacts", don kada baƙo ya jefa shi guruf bai sani ba. Sau ɗaya a wata wani cikinku ya buɗe "Gérer le stockage", inda manhajar ke ware duk abin da ya wuce mega 5 da abin da aka yi ta turawa, a share. Giga 32 ba duka ne naka ba, tsarin wayar ya riga ya ci kaso mai yawa, kuma in ta cika sai ta yi nauyi, saƙonni su ƙi sauka.

Yanzu abin da ya fi damun mu. Asusun WhatsApp na ɗan kasuwa da ake turo wa kuɗi abin farauta ne. Yadda ake sace shi kusan iri ɗaya ne: wani ya sa lambar Baba a tasa wayar, lamba shida ta zo wa Baba ta SMS, sai a kira shi da ladabi a ce an yi kuskuren turowa, ko a ce za a sa shi a guruf ɗin tallafi, ya karanto. Da ya karanto, asusun ya tafi, a fara roƙon abokan cinikinsa kuɗi da sunansa da hotonsa. Ka faɗa masa da baki, ka maimaita: lambar da ta shigo ba a karanta wa kowa, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan'uwa. Sannan ka shiga "Compte", "Vérification en deux étapes", ka sa wata lamba shida da shi zai iya tunawa, ka haɗa da imel ɗinka. Idan aka manta ta babu imel, sai an jira kwana 7. Ka kuma riƙa leƙa "Appareils connectés". Ana iya haɗa asusu ɗaya da na'ura har huɗu, kuma minti ɗaya ya ishi mai mugun nufi idan an bar waya a wurin caji. Duk na'urar da ba ku sani ba, ku fitar da ita.

Layin kansa ya zama an yi masa rajista da katin shaidar Baba, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, domin in wayar ta ɓace da wannan katin za a karɓo lambar, da lambar kuma ake dawo da asusun. Kada a bar layin ya daɗe babu kiredi, kamfani yana iya ba wani lambar. WhatsApp ɗin kuma daga Play Store za a sauke shi. Na jabu irin su GB WhatsApp da ake tura wa mutane a rumfunan gyara suna jawo rufe asusu. Idan wata rana ya ƙi buɗewa yana ƙorafin kwanan wata, ku duba agogon wayar ku mayar da shi kan saita kansa, in bai yi ba ku sabunta manhajar inda akwai wifi.