Ina da ikon ɗauke yaron maƙwabci da ake azabtarwa?

Tambaya: Wata mai karatu daga Gusau ta ce a unguwarsu akwai yaro ɗan shekara bakwai da kishiyar uwarsa ke duka tana hana shi abinci, uban kuma ya yi gum. Tana so ta ɗauke shi ta ajiye a gidanta. Doka ta yarda?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma kada ki ɗauke shi da kanki. Komai kyawun niyyarki, uban na iya kai ƙarar satar yaro, maganar ta juye kanki, yaron kuma ya koma inda ya fito. Sai fa in ransa na cikin haɗari a take: nan ki kai shi asibiti, ki sanar da 'yan sanda kafin ki bar wurin.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta tsara hanyar, Zamfara kuma ta samu tata dokar kare yara a 2022, zamanin Gwamna Bello Matawalle. A tsarin dokar tarayya, ɗan sanda na iya ɗauke yaro zuwa wuri mai aminci in akwai dalilin cewa zai cutu ƙwarai, amma riƙon ba ya wuce awa 72. Abin da ya wuce haka sai da umarnin kotu.

Don haka ki kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankinku, ko wurin jami'an jin daɗin jama'a na ma'aikatar harkokin mata. Ki dage a kai shi ga likita a ranar, ko Babban Asibitin Tarayya na Gusau ko wani asibitin gwamnati. Nan ne shari'a kan lalace. Shatin bulala a baya da kumburin hannu kan ɓace cikin mako ɗaya ko biyu, in babu takardar likita mai kwanan wata sai magana ta zama "ta ce, na ce". Ki rubuta ranakun da kika ji kukansa, da sunan wanda ya gani tare da ke. Hotonsa kuwa, kada ya hau Facebook.

Mutane na tsoron cewa gidan marayu za a kai shi. Ba nan ake farawa ba, dangi ake fara nema. A mazhabar Malikiyya uwa ce kan gaba a riƙon yaro, bayanta kakarsa ta wajen uwa, saboda haka ki binciko inda dangin uwarsa suke, ki ba jami'an.

Mai unguwa da Hisba na iya yin sulhu, kuma yana da amfani in matsalar talauci ce ko sakaci. A ganina, inda akwai rauni a jiki, sulhun da zai mayar da yaro ɗakin da aka dake shi a daren nan kuskure ne. In dole ya koma, a sa uban ya sa hannu a rubuce, a kuma yanka ranar da jami'i zai dawo ya duba jikinsa.