Amsa: faifan goge da fiyano na ƙarni na 20 da ya dace a fara da shi

Malam, ka tambayi wane faifai ya kamata mai son kiɗan gogen Turawa da fiyano na ƙarni na 20 ya fara saurara. Ni dai shawarata ita ce wasan da Joseph Szigeti, mai goge, da Béla Bartók, mai tsara kiɗa kuma mai kaɗa fiyano, dukansu 'yan ƙasar Hungari, suka yi a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton ranar 13 ga Afrilu, 1940, wanda daga baya kamfanin Vanguard ya fitar.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne, Bartók da kansa yake zaune a gaban fiyano yana kaɗa abin da ya tsara, wato sonatarsa ta biyu ta 1922 (sonata dogon kiɗa ne mai sassa da yawa) da rafsodi ta farko ta 1928 (kiɗa mai sakakken tsari), wadda tun asali ya sadaukar ga Szigeti, kuma aka gina ta a kan kiɗan rawar mutanen karkara. Za ka ji yadda yake jan lokaci yana sakinsa, abin da rubutun kiɗa ba ya iya nunawa. Akwai kuma sonatar Debussy, Bafaranshe mai tsara kiɗa, ta 1917, babban aikin ƙarshe da ya kammala kafin rasuwarsa a 1918, har da sonata ta tara ta goge da fiyano ta Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, wadda ita kaɗai ce ta tsohon zamani.

Sai dai ka sani cewa ɗauka ce ta dā, saboda haka akwai ƙarar faifai a ciki. Ka fara da sonatar Debussy, domin ta fi sauƙin shiga kunne.